Taken Ɗan Galadima: Bin Sawun Wani Kiɗan Goge Daga Tagriss

Ƴan uwa ɗalibai, musu ne ya haifi wannan rubutu. A babban hutun da ya wuce an yi bikin ɗiyar kawuna a wani ƙauye cikin komin ɗin Tagriss. Kamar yadda aka saba yanzu, samari suka yi hayar lasifika, aka sa katin memwar, ana ta sakin waƙoƙin fina-finan Kano. Can bayan isha'i batir ya mutu. Fili ya yi tsit, yara suka fara watsewa. Sai wani tsoho da ya zo tare da dangin ango ya kwance wani ƙunshin tsumma, ya fito da goge. Wani yaro ya kifa ƙwarya a ƙasa, ya zauna gefensa da ƴan sanduna.

Ya yi kiɗa biyu ko uku, mutane na ta hirarsu. Daga nan ya sauya hannu, ya shiga wani kiɗa mai tafiya a hankali. Tsofaffin matan da ke zaune kan tabarma duk suka ɗago kai. Ɗaya ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta shiga fili tana taku irin na wanda babu mai ce masa yi sauri. Kakata ta taɓo ni ta ce, "Kai maigida, ka san wanga kiɗi? Taken Ɗan Galadima ne. Tun ina ɗiya ƙarama nike jin shi."

Washegari musu ya tashi tsakanin abokaina biyu. Na farko ya ce shi ya taɓa jin irin wannan sauti a waƙar fim, don haka tsohon a salula ya ɗauko. Na biyu ya ce ina, ai kiɗan ya shekara dubu, tun zamanin Bayajida ake yin sa. Kowannensu na rantsuwa, babu mai hujja. Ni kuma na ce bari in bi sawu, in ga inda zai kai ni.

Yadda wasu suke bin sawun kiɗansu

Mushe ɗinmu na Ingilishi ne ya fara nuna min cewa kiɗa ɗaya tak yana iya zama abin binciken tarihi. A Ingila akwai raye-rayen ƙauye da ake yi da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. A shekarar 1651 wani mai buga littattafai a Landan, John Playford, ya fitar da littafi mai suna The English Dancing Master. Ya ƙunshi raye-raye 105, kowace da sautinta a rubuce da bayanin takunta. An yi ta sake buga shi ana ƙara sababbi har bugu 18, na ƙarshe wajen 1728. A farkon ƙarni na 20 Cecil Sharp ya tono waɗannan raye-raye bayan an manta da yawancinsu, har ya kafa ƙungiyar raya su a 1911. Saboda haka ɗalibin Ingila in yana son tarihin wani kiɗa, sai ya jera bugu-bugun littafin, ya ga shekarar da kiɗan ya fara bayyana, da inda aka sauya masa suna, da inda sautin ya karkata.

Amma ko su takarda ba ta raba su da tatsuniya ba. Akwai wani sanannen kiɗansu, Greensleeves, da mutane da yawa ke cewa Sarki Henry na 8 ne ya ƙaga shi. To sarkin ya mutu a 1547, sunan waƙar kuwa a 1580 ya fara shiga rajistar masu buga littattafai ta Landan, shekara 33 bayan an binne shi. Darasin da na ɗauka shi ne: ranar da aka fara rubuta abu daban, ranar da aka ƙaga shi daban, labarin da mutane ke so su ji kuma daban.

Mu makaɗanmu ba su rubuta sauti a takarda. Wannan ba ya nufin ba mu da shaidu. Na samu huɗu: gogen kansa, sunan taken, hanyoyin da mutane suka bi da shi, sai hannun makaɗi. Kowane shaida da iyakar abin da ya gani.

Shaida na farko: gogen kansa

Duk wanda ya riƙe goge ya san ba kayan kanti ba ne. Rabin ƙwarya ne, kumbo, a rufe shi da fatar guza, a huda fatar gefe ɗaya don sauti ya fita. A soka sanda ta ratsa kumbon, a ɗaura izgar doki ta zama tsirkiya, a ɗora ta kan ɗan icen da ake kira jaki. Abin gogawar ma izga ce a jikin ɗan baka, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Tsirkiya ɗaya ce tak, makaɗi ba ya danne ta har jikin sanda, taɓa ta kawai yake da yatsu, shi ya sa sautin ke zamewa yana lanƙwasa kamar muryar mutum. Wanda ya ji Hausa sosai yana iya tsinkayar magana a cikinsa, domin harshenmu da hawa da saukar murya yake rarrabe ma'ana.

Goge yana da dangi da yawa. Zabarmawa na da goje, Dagomba na arewacin Gana na da gonje, Fulani na da nyanyeru, Wolof na Senegal na da riti. A Mali akwai njarka, wadda marigayi Ali Farka Toure ya riƙa kaɗawa. Yarabawa sun karɓi goje cikin kiɗan sakara, Yusuf Olatunji ya yi suna da shi. A Habasha akwai masinko. A rubuce kuwa, malamin nan Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya ambaci rababa a babban littafinsa na ilimin kiɗa, kuma masana na lissafa ta cikin kayan gogawa mafi daɗewa da aka sani. Jacqueline DjeDje, wata farfesa a Amurka da ta fitar da littafi a 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba, tana cikin masu ganin cewa dabarar gogawa ta shigo ƙasashenmu ta hanyar hulɗa da Arewacin Afirka, mutanen nan kuma suka gina ta da abin da ƙasarsu ke bayarwa: duma, guza, doki.

Mu mutanen Tagriss ba sai mun je nesa ba don ganin ɗan uwan goge. Maƙwabtanmu Abzinawa na da anzad, wasu su ce imzad, kalmar da ke nufin gashi a harshensu. Shi ma ƙwarya ce da fata da izga. Bambancin shi ne a wurinsu mata ne ke kaɗawa, maza su yi waƙa, a wurinmu kuwa goge sana'ar maza ce. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad na Aljeriya da Mali da Nijar cikin jerin gadon al'adun duniya. Kusancin nan ba abin mamaki ba ne. Tarihin Gobirawa ya ce daga Azbin suka gangaro, kuma Birnin Lalle, nan cikin gundumarmu ta Dakoro, ya taɓa zama babban birninsu kafin su ƙara yin kudu maso yamma har su kafa Alƙalawa a ƙarni na 18. Ƙasar nan da muke takawa daɗaɗɗiyar mahaɗa ce tsakanin masu raƙumi da masu gona.

To wannan shaida ya tabbatar cewa goge ya yi ɗaruruwan shekaru. Sai dai tsufan tukunya ba ya nuna ranar da aka kaɗa miyar da ke ciki. Abokina mai shekara dubu a nan ya zame: ya ɗauki shekarun kayan kiɗa ya ɗora wa kiɗan.

Shaida na biyu: sunan taken

Take ɗan gajeren kiɗa ne da ke da mai shi. Sarki na da nasa, ɗan kokawa na da nasa, mahauta da maƙera da manoma kowa da nasa. In aka buga, mai shi ya san da shi ake, ko ba a ambaci sunansa ba. A cikin bori ma haka ne: kowane iska yana da takensa da kirarinsa, kuma a ƙasar Maraɗi goge da ƙwarya ne kan gaba wajen wannan aiki, yayin da a wasu wurare garaya da buta ke yi.

Wane ne Ɗan Galadima a wurin masu bori? Ɗan sarki ne, kyakkyawa, mai son ado da turare da caca, mai kyauta har ya rasa na kansa. Wanda aka ce ya hau kansa riga mai kyau ake sa masa da rawani, a shimfiɗa masa wurin zama, ya riƙa rabon kuɗi da goro. Takun ƙasaitar da tsohuwar nan ta yi a filin biki daga nan ya samo asali, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Amma kafin ya zama sunan iska, Ɗan Galadima sarauta ce ta mutane. Masana na danganta asalin sarautar Galadima da Barno, kuma littafin Tarihin Kano ya ambaci Galadima Dawuda a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15. A Gobir da Katsinar Maraɗi kuwa, Ɗan Galadima sarautar ɗan sarki ce, wanda ake sa ran zai gaji gadon. M. G. Smith ya bayyana wannan tsari a nazarin da ya buga a 1967 kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, wanda ya ce ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875.

In kun duba sauran iskokin za ku ga abu ɗaya. Akwai Malam Alhaji, akwai Sarkin Rafi, akwai Kuturu, akwai mace Bafillata, akwai maharbi, akwai maƙeri. Gari ne sukutum da sarakunansa da malamansa da talakawansa. Baturen Amurka Fremont Besmer, da ya zauna da makaɗan bori a ƙasar Kano ya fitar da littafi a 1983, ya rubuta cewa suna siffanta birnin iskoki, Jangare, da zauruka 12 da tsarin sarauta irin na birnin Hausa. Kuma jerin yana ƙaruwa da zamani. Wajen 1925, bayan Faransawa sun kafu, sai ga sababbin iskoki a yankin Filinge da Arewa, Babule ko Hauka, masu kwaikwayon soja da kwamanda, waɗanda Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa na 1955. Kenan mutane suna zana duniyar da suke gani ne. Wanda ya ƙaga taken Ɗan Galadima ya ga ɗan sarki da idonsa, ya ga yadda yake tafiya da yadda yake ɓarnar dukiya, ya mayar da wannan sauti. Taken ba zai girmi fadar da ta haifi sarautar ba.

Akwai kuma takarda. Wani hafsan Ingila, A. J. N. Tremearne, ya fitar da littafi kan al'adun Hausawa a 1913, da wani kan bori a 1914, kuma Ɗan Galadima na cikin iskokin da ya lissafa. Fim ɗin Hausa na kaset kuwa a 1990 ya fara a Kano da Turmin Danya. Tsakanin 1914 da 1990 shekara 76 ne. Abokina mai salula shi ma ya faɗi. In akwai kama tsakanin taken da wata waƙar fim, to mu tuna ruwa daga tudu yake gangarowa, masu fiyano sun daɗe suna ɗiba daga tsofaffin kiɗe-kiɗe.

Shaida na uku: hanya

Me ya sa wannan take ya yi ƙarfi a wajenmu? Amsar tana cikin abin da ya faru bayan 1804. A shekarar ne Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'arsa da Gobir. Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Malaman jihadi sun yi rubutu suna sukar bori da kiɗan wasa da cuɗanyar maza da mata a filin rawa. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, ta kafa tsarin ƴan taru don karantar da matan karkara, ta riƙa naɗa jajis tana ba su malfa, wadda a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar masu bori. Wato ta ɗauki alamar da mata suka sani ta juya ta zuwa ga karatu.

Sarakunan da aka kora ba su ɓace ba. Zuriyar Katsina, ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka kafu a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka mutu, suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi. A waɗannan fadoji biyu tsohon tsari ya ci gaba: Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri, mata ƴan gidan sarauta masu riƙe da al'amarin bori, kuma akwai Ɗan Galadima na gaske yana hawan doki a gari. A daular Sakkwato bori bai mutu ba, amma ya fita daga fada ya koma bayan gari. A nan kuwa yana da mazauni kusa da sarki. Shi ya sa masu bincike suka yi ta zuwa Maraɗi: Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da littafinta a 1972, Bajamushe Veit Erlmann ya buga nazarinsa kan kiɗan borin Maraɗi a 1982.

Daga Maraɗi da Tsibiri zuwa Tagriss fa? A rabin farko na ƙarni na 20, da yaƙe-yaƙe suka lafa, manoma suka yi ta hawowa arewa neman sabuwar ƙasa, wasu kuma gudun haraji da aikin tilas na Nasara. Suka gina rijiyoyi, suka sare daji, suka kafa ƙauyuka a yankin da a da makiyaya suka fi yawa. Faransawa sun buɗe bariki a Dakoro a 1947 saboda yankin ya cika da mutane. Ku tambayi tsofaffin ƙauyenku wa ya gina rijiyar farko, daga ina ya zo, za ku ji sunayen garuruwan Gobir da Katsina. Mai ƙaura yana ɗaukar irin hatsi da gatari, makaɗi kuma yana rataya gogensa. Haka taken fada ya iso ƙauyen da ba a taɓa naɗa Ɗan Galadima ba.

Akwai wata hanyar, mai ɗaci. Yawancin abin da ke cikin littafin Tremearne na 1914 ba a ƙasar Hausa ya tattara shi ba. A Tunis da Tarabulus ya same shi, wurin Hausawan da ke zaune can, waɗanda da yawansu bayi ne ko ƴaƴan bayin da aka tsallaka da su Sahara ta Agadas da Gat da Gadamas. Tunusiya ta haramta bauta a 1846, amma mutanen sun zauna, suka riƙe kiɗansu. Har yau akwai kiɗan da ake kira stambeli a Tunis, kuma a binciken Richard Jankowsky na 2010 za ka ga sunayen iskoki irin su Kuri da Yarima, kalmomin da duk Bahaushe zai gane. Ku duba wannan juyi: dabarar goge ta sauko mana daga arewa, sunayen takenmu kuma suka hau arewa a bakin mutanen da aka ɗaure, a kan hanya guda.

Shaida na huɗu: hannun makaɗi

Kafin in koma lise na nemi tsohon nan a ƙauyensu. Na iske shi yana gyaran darni. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, tambaya na zo da ita kan kiɗan da ka yi daren biki."

Ya dube ni ya yi dariya. "Ɗan lakwal, ku da kuka ce kiɗinmu na jahilai ne?"

Na ce ni tarihi nake nema. Sai ya zauna. Ya ce shi wurin kawunsa ya koya, kuma ya shekara da shekaru yana kiɗa masa ƙwarya kafin a bar shi ya taɓa goge. Kawun kuma wurin wani mutumin wajen Tsibiri ya koya, wanda ya hawo arewa lokacin da ake gina rijiyoyi. "Haka munka iske shi," in ji shi, "haka muka miƙa shi, in an samu mai amsa."

Hannu uku kenan: shi, kawunsa, da mutumin Tsibiri. Salsala ce irin wadda malamai ke kawowa in suna faɗin wurin wanda suka ɗauki karatu, kuma ta dace da abin da tarihin ƙaura ya nuna.

Na roƙe shi ya kaɗa min taken sau biyu, na ɗauka a salula da izininsa. Da na saurara a gida sai na ga ba su zo daidai ba. Akwai wata ƴar jimla da ke dawowa kullum, ita ce ƙashin taken. Abin da ke kewaye da ita kuwa, kwalliya da jan sauti da inda yake tsayawa, ya sauya. Ya kuma gaya min cewa a wurin biki ba ya yin kirarin, kuma yana ɗan ƙara sauri don matasa su samu na rawa. Kenan ko a hannun mutum ɗaya, a yini ɗaya, take yana motsi. Ina ga tsakanin Kano da Maraɗi da Tunis, cikin shekara ɗari? Suna ɗaya ba ya tabbatar da sauti ɗaya. Mai son ya ce taken Tagriss shi ne na Kano, sai ya ajiye ɗauka biyu ya saurara.

Ɗaukar sauti kuwa ba ta daɗe ba. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel. A farkon shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki makaɗan Nijar, aka fitar da fayafayan a Faransa ƙarƙashin Ocora. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, da IRSH, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a 1989. A kasuwa kuma zamanin faifai da kaset ya fito da su Garba Liyo mai goge, da masu kukuma, ƙanwar goge, irin su Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Hassan Wayam. A wannan zamani ne goge ya shiga otal-otal da gidajen rawa na birane, sai ƙyamar ta zama biyu: da ana cewa kayan bori ne, yanzu an ƙara da kayan mashaya.

Abin da shaidun suka bari a hannunmu

In muka jera su, take ɗaya ne amma shekarunsa hawa-hawa ne. Kayan kiɗan ya yi ɗaruruwan shekaru. Sarautar da ta ba shi suna ta fito daga fadojin Hausa na kafin jihadi, ta rayu a Maraɗi da Tsibiri. Sunan iskan yana rubuce tun 1913 da 1914. Hanyar da ta kawo shi ƙasar Dakoro ta ƙarni na 20 ce. Sautin da na ji da kunnena kuwa, hujjarsa mafi ƙarfi ita ce salsalar hannu uku da tsohon nan ya lissafa min. Ita ce mafi kusa da mu, ita ce kuma mafi saurin ɓacewa, don ba ta cikin kowane littafi.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibi Musulmi da kiɗan bori. Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa kaina. Sanin tarihin abu daban, yin sa daban. Muna karanta labarin Barbushe da Tsumburbura a Tarihin Kano, kuma malamai ne suka rubuta shi suka adana. Ba za ka fahimci abin da Shehu da Nana Asma'u suka yi gwagwarmaya da shi ba in ba ka san yadda yake ba. Kuma cikin taken nan akwai abubuwan da ba na iskoki ba ne: akwai hoton ɗan sarki mai almubazzaranci kamar yadda talaka ya gan shi, akwai sawun kakanninmu da suka gina rijiyoyin da muke sha, akwai muryar waɗanda aka sayar a Tarabulus. In muka bar shi ya mutu don kunya, da waɗannan duka zai tafi. Mu lura kuma, sunayen da na ambata a sama na masu bincike kusan duk baƙi ne. Sun zo daga Jamus da Amurka da Faransa sun zauna kan tabarmar makaɗanmu, mu da ke maƙwabtaka da su muna wucewa da abin sauraro a kunne.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kowannenmu na da salula. In ka koma ƙauye, nemi mai goge ko mai anzad ko mai gurmi. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa abin da za ka yi da ɗaukar, in ya ƙi ka haƙura. In ya yarda, ka rubuta rana da wuri, da sunan taken, da wurin wanda ya koya, da wanda ya koya wa wancan, da garin da suka fito. Ka sa ya kaɗa sau biyu. Kada ka gyara masa magana, kada ka ƙara wa labarin shekaru don ya yi daɗi. Ka ba shi abin goro, sana'arsa ce. Sannan ka kawo mu ajiye kwafi a ƙungiya, kada ya tsaya a katin da zai ɓace ranar da wayar ta faɗa rijiya. Playford ma da raye-raye 105 ya fara.

Da zan tafi na tambayi tsohon ko cikin ƴaƴansa akwai mai koyo. Ya ce babba yana ci-rani a Libiya, ƙaramin kuma ya ce abokansa za su yi masa dariya. Yaron da ya kiɗa masa ƙwarya daren biki jikan maƙwabcinsa ne, uban bai ma san ya je ba. Sannan ya nuna min tsirkiyar gogen, ta yi siriri, gashin ya zube saura kaɗan. Ya ce da can kowane maigari na da doki, izga ba abin nema ba ce, yanzu duk sun koma babur.

"Ɗana, in ka je Dakoro ranar kasuwa, ka duba min wurin masu dawaki. Ko kaɗan ce ka samo."

Na ce to, Baba. Har yanzu ina cigiya. Duk wanda ya san mai doki, ya same ni bayan darasi.